Shirin doguwar tafiya a kan doki: daga barga har zango

Duk shekara da an shiga sanyi sai 'yan uwa masu dawaki su fara maganar a haɗu a fita, ba irin kilisar yamma da ake zagaya unguwa a dawo kafin magariba ba, tafiya ta sosai wadda za a bar Kano a shiga ƙauyuka a kwana a dawo washegari. Kuma duk shekara abu ɗaya nake gani, mutum ya fito kamar zashi hawan Daushe, jalala, wato shimfiɗar ado ta sirdi, har ƙasa, likkafa mai nauyin tsiya, alkyabba da rawani, shi da dokin duk sun sha ado amma ko guga bai ɗauko ba. Ba gori nake ba, nima haka na fara. Fitata ta farko da kayan hawan sallah na yi ta, kafin mu kai inda zamu kwana bayan dokina ya ɗaye, washegari da ƙafa na jawo shi rabin hanya, da muka dawo kuma yana can a barga kusan wata guda ba a ɗora masa sirdi ba. Wani dattijo da ke kular mana da dawaki a lokacin kallona kawai ya yi ya ce "yaro, kayan gaisuwar sarki ka kai daji." Tun daga nan na gane kayan hawa daban, kayan tafiya daban, kuma shirin ma ba daga jaka yake farawa ba.

Lissafin da zan yi a nan na tafiyar kilomita 25 zuwa 30 ne a rana, kwana ɗaya a ƙauye, a kan irin dawakinmu na gida.

Mataki na farko: lokaci da hanya

In ka tambaye ni daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin. An gama girbi, gonaki sun buɗe, harawa ta yi araha kuma a kowane ƙauye zaka samu, ga sanyi. Da damina shuka ce ko ina, sai dai ka bi burtali, kuma dokinka ya taka gonar wani ko ya fizgi kan gero ka jawo wa kanka shari'a gaban mai unguwa, banda ƙuda da kaska da laka. Bazara kuwa, Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, wanda ya ce zai yi doguwar tafiya a lokacin to ya yi ta tsakanin asuba da hantsi kawai.

Doki a tafiyarsa ta yau da kullum yana cin wajen kilomita 6 a awa, in yana sassarfa ya ninka haka. Kenan kilomita 30 da hutu da shan ruwa da sallah ka sa awa shida zuwa bakwai. Kar ka yi lissafi da sukuwa, ba a cin doguwar hanya da ita.

Sati guda kafin ranar wani a cikinku ya hau mashin ya bi hanyar tun daga farko har ƙarshe. Abin da zai duba: ina rijiyoyi da famfunan tuƙa-tuƙa suke kuma suna aiki ko sun lalace, sau nawa za a tsallaka kwalta, ina ake da inuwa, ina sabis ɗin waya yake ɗaukewa. Ruwa shi zai zana muku hanya, ya zama kowane awa biyu akwai inda doki zai sha. Kuma ba kowane ruwa ba, misali in kuka yi wajen Minjibir, rafin Jakara dattin birni yake kwasowa har ya zuba a dam ɗin Wasai, ni dai bana shayar da dokina a ciki, gara na roƙi ruwan rijiya.

Wanda ya je ɗin nan ya tsaya ya gaida dagaci ko mai unguwar garin da za a sauka, ya faɗi ku su waye, ku nawa ne, yaushe zaku iso. A wannan zamanin ayarin baƙi a kan dawaki su faɗo ƙauye ba sanarwa, ai ka san abin da zai fara zuwa ran mutane. Dazukan da kowa ya san halin da suke ciki, irin su Rugu da makamantansa, ba wajen yawon doki bane ko da wasa. Sannan a tambayi dokar da ake ciki, don a Kano 'yan sanda sun sha fitar da sanarwar hana kilisa a cikin gari, in akwai irin wannan a lokacin to ku haɗu a bayan gari, ku kuma sanar da ofishin yankin.

Mataki na biyu: dokin kansa

Nan ne mutane suka fi yin ha'inci. Dokin da yake ɗaure a turke yana cin dawa tun hawan babbar sallah, ya yi ƙiba yana sheƙi, kana ganinsa kace ingarma, wallahi awa biyu zai yi ya jiƙe sharkaf yana haki. Ƙiba ba ƙarfi bace. Ka bashi sati uku zuwa huɗu kana fita da shi kwana huɗu ko biyar a sati, ka fara da rabin awa na tafiya zalla, ka riƙa ƙarawa kana sa sassarfa kaɗan kaɗan, har ya zama a satin ƙarshe yana yin awa biyu ya dawo bai galabaita ba. Kuma da sirdin da zaka yi tafiyar da shi zaka riƙa fita, da jakunkunan kayan tafiyar a ɗaure, don bayansa ya saba, shi ma ya saba da abu yana taɓa masa kwiɓi. Kai ma cinyarka tana buƙatar wannan horon, zaka tuna maganata a rana ta biyu.

Ka koyi lambobin dokinka tun yana lafiya. Doki a hutu zuciyarsa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti, numfashi sau 8 zuwa 16, zafin jiki tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Bugun zaka ji shi in ka sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi ta ciki inda jijiya ta ratsa ƙashi, ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Bayan ya yi aiki, in ka tsaya minti 15 zuwa 20 ya kamata ya sauko wajen 60 ko ƙasa. In bai sauko ba to aikin ya fi ƙarfinsa, ko bai gama horuwa ba ko akwai abin da ke damunsa.

Kofato: yawancin dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, a ƙasa mai rairayi ba matsala, amma tsakuwa da kwalta suna cinye shi. A yanke masa kofato kwana goma zuwa sati biyu kafin tafiya. Kar a yanke ana gobe za a fita, sabon yanka yana sa doki ɗingishi a kan tsakuwa.

Maganin tsutsa da rigakafin tetanos ka kira likitan dabbobi ya duba tun da wuri, ka kuma ajiye lambarsa a waya ka gaya masa ranar da zaku fita. Abinci kuma kar ka canja masa dab da tafiya. Wasu sai su ce bari a ƙara masa gero ya yi ƙarfi, su ninka masa hatsi kwana biyu kafin a fita, wannan ita ce hanya mafi sauri ta jawo ciwon ciki. Duk canjin abinci a hankali ake yinsa, cikin sati guda zuwa kwana goma. Doki baya amai, abin da ya shiga ya shiga kenan.

Mataki na uku: sirdi da abin da ke ƙarƙashinsa

Sirdin gargajiya mai kwacciya, wato tudun katakon nan na gaba da baya, yana riƙe mahayi sosai kuma kakanninmu da shi suka yi fatauci da yaƙi, ba wanda zai raina shi, sai dai katako ne, in bai zauna daidai da bayan dokin ba babu yadda zai lanƙwasa. Na Turawa irin na 'yan folo ya fi sauƙin nauyi amma ba shi da wajen rataye kaya sosai. Duk wanda zaka ɗauka gwajin ɗaya ne: ka ɗora, ka ja majayi, wato ɗamarar da ke bi ta ƙarƙashin cikin doki ta riƙe sirdi, ka hau, wani ya zura yatsu tsakanin gaban sirdin da tudun nan da geza ta ƙare a kansa. Yatsu biyu zuwa uku su shiga. In sirdin yana zaune a kan ƙashin, canja shi ko ka gyara shimfiɗa, kar ka ce ai tafiyar kwana ɗaya ce. Bayan an yi atisaye ka sauke sirdin ka kalli gumin, ya kamata bayan ya jiƙe bai ɗaya. In ka ga wani wuri a bushe kamar tsibiri a tsakiyar gumi, ko gashi ya murɗe, nan ne yake danna shi kuma nan miki zai fito.

Zubka, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin sirdi da bayan doki, ita ce rabin tafiyar. Ta zama mai kauri, mai laushi, wankakkiya, ba wadda gumin bara ya bushe a jikinta ta zama kamar ƙirgi ba. Ni biyu nake ɗauka, ɗaya a ƙarƙashin sirdi ɗaya a naɗe a baya, washegari in canja. Jalala mai aiki da su kayan ƙawa na goshi da na ƙirji a barsu a gida, nauyi ne da zafi, ƙarangiya kuma ta lalata maka su a banza.

Majayi ka bi shi da hannu daga wannan kai zuwa wancan, ɗinkin da ya fara saki a kai wa baduku, a Kasuwar Kurmi akwai masu wannan aikin tun kaka da kakanni. Haka igiyar likkafa da kamazuru, wato igiyar linzami da mahayi ke riƙewa. Fata da ta bushe tana tsagewa a shafa mata mai ta sha kwana biyu. Sabon kaya kuma, komai kyansa, ba a fara gwada shi ranar tafiya.

Linzaminmu na gargajiya mai zoben nan da ke zagaye haɓa yana da kaifi, an yi shi ne don tsayar da doki cak a gaban sarki. Awa bakwai da shi a hannun mai fizga, bakin doki sai ya yi jini. In dokinka ya saba da mai sauƙi sa masa shi, in kuma bai san wani ba sai wannan to ka sassauta hannu. Ka bar ragama, wato ɗaurin kai mara ƙarfe da ake jan doki da shi, a ƙarƙashin linzamin da igiyarta a naɗe, duk inda aka tsaya sai ka zare linzami ya sha ruwa ya ci ciyawa a sake. Ba a ɗaure doki da kamazuru, ya firgita ya ja baya ƙarfen zai yaga masa baki. Ƙaimi ma ban ga amfaninsa a wannan tafiyar ba.

Mataki na huɗu: haɗa kaya

Ga ma'aunin da masu dawaki ke amfani da shi: abin da doki zai ɗauka na doguwar tafiya, kai da sirdi da kaya gaba ɗaya, ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Dokin da ya kai kilo 350 kenan kilo 70. Yanzu ka auna kanka ka auna sirdinka, zaka ga abin da ya rage maka ba yawa, wasunmu ma mun cinye lissafin tun kafin a ɗora jaka. Shi yasa dabarar da tafi kowacce ita ce a tura kaya masu nauyi gaba. Hatsin dawaki, harawa, barguna, gidan sauro, tukunyar shayi, turaku, duk a ɗora wa mashin ko a daidaita sahu su riga ku isa. Ba abin kunya bane, sarakuna ma da suke fita rangadi ba a kan dokinsu ake ɗora tukwane ba.

Abin da zai bi jikin doki kaɗan ne. Gugar roba da igiya mai tsawo wadda zata kai ruwa a rijiya, gugar ita ce kuma bokitinsa, don ban son dokina ya sa baki a kwamin da kowace dabba ke sha, ta nan mura da sauran cututtuka ke yawo. Ƙarfen sakace kofato, in baka da shi babbar ƙusa da aka lanƙwasa kanta aka dakushe ta isa. Burushi ƙarami, soso ko tsumma, wuƙa mai kaifi a inda hannunka zai kai da sauri saboda ranar da doki zai harɗe da igiya, guntun igiya da zaren baduku da basilla na gyaran gaggawa. Gishiri ɗan ƙulli, don gumin doki gishiri yake fitarwa sosai, kanwa kuma in dama ya saba da ita, ɗan kaɗan.

Ledar magani: aidin, auduga, bandeji guda biyu ko uku, almakashi, man kaɗanya ko basilin na inda ya goge, ma'aunin zafi, maganin fesa rauni mai hana ƙuda. Allura kuwa in ba likita ne ya baka ya nuna maka adadi da wurin yi ba, bar ta. Na ga wuyan doki ya kumbura ya yi ruwa saboda allurar "wani ya ce".

Ruwan shan doki ba a ɗauka, kar ma ka fara. Yana shan lita 25 zuwa 45 a rana, in ana zafi yana aiki ya wuce haka, kuma kowace lita kilo guda ce. Naka zaka ɗauka, lita biyu zuwa uku a gora biyu, ɗaya kowane gefe.

Kai kuma: wando mai kauri wanda ba shi da ɗinki mai tudu ta cikin cinya, irin ɗinkin nan na wasu wandunan jins awa uku zai yi ya saɓule maka fata. Takalmi rufaffe mai ɗan dunduniya wanda ba zai zarce cikin likkafa ba, silifas a jaka don alwala. Hular kwano, na san za a yi dariya, ana ganin kamar ba ta dace da ɗan gidan sarauta ba, amma faɗuwa ɗaya a kan tsandauri ta isa, in kana so ka naɗa rawaninka a kai. Rawanin ko ƙyalle zai yi maka amfani da ƙurar hunturu. Rigar sanyi ta asuba wadda zaka iya tuɓewa ka ɗaure, kuma ka sauka kafin ka tuɓe ta, riga tana kaɗawa a saman doki yana iya zabura. Waya, kuɗi da katin shaida a jikinka suke zama, cikin aljihu mai zif ko 'yar jakar ƙugu, ba a jakar sirdi ba. Dalili, in ya kada kai ya gudu ya tafi da wayar kenan, kai kana daji ba abin kira. Tocilan, fawa bank, ashana, 'yar buta, darduma mara nauyi, maganin ciwon kai, gishiri da sukari na haɗawa a ruwa in zawo ya kama ka, kuɗi canji ƙanana don a ƙauye ba lallai ka samu mai POS ba, da goro ko 'yar tsaraba ta mai masauki. Guzuri mara lalacewa: dabino, kilishi, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, garin kwaki da sukari. Fura da nono zaka samu a hanya.

Wajen ɗaurawa, jaka biyu masu nauyi ɗaya, ka ɗaga su hannu bibbiyu ka ji, in da sikeli ma ka auna. Bambancin kilo ɗaya yana karkatar da sirdi a hankali, kai baka sani ba shi kuma yana cin bayansa. Masu nauyi a ƙasan jaka kuma kusa da sirdi, marasa nauyi kamar zubka da riga su ake naɗewa a bayan kwacciya, kada a jibga nauyi can baya saitin ƙoda. Duk abu mai tauri ko tsini ya kalli waje, mai laushi ya kalli jikin doki. Kar ka bar komai yana reto ko ƙara, kuma leda mai ƙarar nan ka rabu da ita, a sa kaya a tsumma ko buhu. Da ka gama ka ja shi ya yi sassarfa a fili ka ga me ke tsalle.

Mataki na biyar: daren tafiya da asuba

Da daddare ya ci harawarsa ya ƙoshi, ruwa a gabansa har safe. Kayan duk a jere wuri guda, waya a caji, a gida a san hanyar da zaku bi da lokacin da za a jira kiranku. Da asuba a bashi ruwa da harawa, hatsi kaɗan in ya saba, shi ma awa guda ko fiye kafin hawa. Ka goge shi tas musamman baya da inda majayi ke bi, ka sakace kofato huɗun, ka ja shi ya taka ka gani ko yana ɗingishi. In yana yi, ko bai ci abincin dare ba, ko kashinsa ya canja, haƙura zaka yi ko da an gama shiri ana jiranka a ƙofa.

Ka kakkaɓe zubka ka shafa ta da tafin hannu, ƙarangiya ɗaya tak in ta maƙale a ciki ta ishe ka tutsu. Ɗora ta ɗan gaba sannan ka jawo baya yadda gashi zai kwanta. Majayi a matakai ake jansa, ka ja kaɗan, ka zagaya da shi, ka ƙara, don da yawansu suna kumbura ciki in sun ji za a ɗaure. Bayan minti goma sha biyar da fara tafiya a tsaya kowa ya sake dubawa.

Mataki na shida: a hanya

Mintuna goma sha biyar na farko tafiya ce zalla komai zumuɗin dawakin, kuma zasu yi zumuɗi, sanyin safiya ga 'yan uwa. Tunda yawancin abin da muke hawa maza ne ba a fiɗiye ba, a bar tazarar tsawon doki guda tsakani, mai harbi ya koma baya, wanda ya zo da goɗiya kuma a san da ita tun kafin ranar a tsara inda zata tsaya. Wanda ya san hanya a gaba, wani gogagge a ƙarshe, sababbin hawa a tsakiya. Gudun ayari shi ne gudun dokin da ya fi kowa rauni. Kuma don Allah kar wani ya zabura da sukuwa daga baya ba sanarwa, sauran duk binsa zasu yi ko mahayansu sun shirya ko basu shirya ba.

Kowace awa a tsaya minti goma, a sauka, a sassauta majayi, a duba kofato. Wani lokacin ka ja shi da ƙafa na 'yan mintuna, shi ya huta kai ma gwiwarka ta warware. Duk inda aka samu ruwa mai kyau a bashi ya sha. Maganar nan ta kar a ba doki ruwa sai an isa, ban yarda da ita ba, ƙishirwa ta fi kashe doki. In ya yi zafi sosai yana haki dai ka fara zagayawa da shi, ka zuba masa ruwa a wuya da ƙirji da ƙafafu, ka bashi rabin guga, a jima ka ƙara. Gwajin ƙishirwa: ka tsunkuli fatar wuyansa ka saki, in ta koma nan take lafiya, in ta tsaya a tsuke daƙiƙa biyu uku to ruwa ya yi ƙasa. Ka ɗaga leɓe ka danna dasashi, ya zama da danshi kuma jan ya dawo kafin daƙiƙa biyu.

Ka kula da abin da yake fizga. Bayan girbi gyauron dawa yana tsirowa kore shar a gonaki, doki zai so shi, kuma guba ne, makiyaya sun san shi sarai. Zurma ma haka, 'ya'yanta kaɗan sun isa, tumfafiya ma a kauce mata. Raƙumi, karnukan ƙauye, leda da iska ta ɗauko, ɗan acaɓa da zai danna hon a gindinku, duk abubuwan firgita ne, in ka hango ka juya kan dokin ya kalli abin ka yi masa magana. Kwalta a taru a tsallaka gaba ɗaya da tafiya, mutum ɗaya ya sauka ya tsaida motoci, don dokin da aka bari shi kaɗai a wancan gefen zai iya afkawa titi ya bi 'yan uwansa. In rana ta take, a nemi gindin tsamiya ko mangwaro a sauke sirdi har a yi azahar. Af, kilomita 30 bata kai tafiyar ƙasaru ba, kar wani ya ce zai rage raka'a.

Mataki na bakwai: zango

Kilomita ta ƙarshe da tafiya ake yinta don su iso a huce. Ku isa da sauran rana. Gaisuwa wajen mai gari tukunna, sannan kowa ya koma kan dokinsa kafin ya nemi ruwan wanka ko shayi. Sassauta majayi ka bar sirdin a kai kamar minti goma, sannan ka sauke. Ka bi bayan da tafin hannu a hankali kana neman kumburi, zafi, ko inda yake noƙewa in ka taɓa, haka hammata inda majayi ya bi, da gefen baki. Wanke gumin, goge shi, in ana sanyi sosai kar ka jiƙa shi gaba ɗaya da yamma, tsumma mai ɗumi ya isa. Sakace kofato ka duba ƙaya, ka shafa ƙafafu ka ji ko wata ta fi sauran zafi, ka duba kaska a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne. Zubka a shanya.

Ruwa, sai harawa, hatsi sai bayan awa guda ya huce sarai, kuma wanda ya saba ci a gida, kar ya wuce kilo ɗaya da rabi a ci guda. Harawar da aka saya a nan ka buɗe damin ka shinshina, mai fumfuna ko warin ruɓa a mayar. A kafa turaku nesa da juna yadda ko sun miƙe igiya ba zasu kai ga juna ba, igiyar ƙafa ta zama mai laushi, a share wurin daga ƙaya da gilasai, ɗaurin kuma irin wanda ja ɗaya zai kwance. A raba dare, ko yaushe akwai mai ido biyu da tocilan. Takalminka ka kakkaɓe da safe saboda kunama.

In cikin dare ka ga doki yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi ko birgima, gumi ba dalili, ba kashi, to ciwon ciki ne. Ɗauke abinci daga gabansa, ka riƙa zagayawa da shi a hankali, ka kira likita nan take ko ƙarfe nawa ne. Za a taru a kanka kowa da maganinsa, wani ya ce a ɗura masa manja wani ya ce jiƙo, kar ka bari a yi masa ɗure ta hanci ko a ɗaga kansa sama a tuttula, in ya bi ta huhu an gama.

Washegari kafin ka ɗora sirdi ka sake shafa bayan ka ja shi ya taka. In akwai kumburi ko fata ta ɗaye a inda sirdi ke zama, ba hawa, ko ka jawo shi ko a nemo mota ko ka bar shi wajen mai masauki da wani yaronku har ya warware. In lafiya lau ne sai ka sa busasshiyar zubkar nan ta biyu. Hanyar komawa zaka ji ya ƙara kuzari yana jan linzami don ya san gida ya nufa, kar ka biye masa, musamman in kun fara shigowa gari inda kwalta da yara suke. Kun isa ka bashi hutun kwana biyu, ka rage hatsi a ranakun tunda baya aiki, amma ka riƙa fito da shi yana ɗan takawa da yamma don ƙafafu kar su kumbura. Majayi da zubka a wanke tun gumin bai bushe a jiki ba, fatu a shafa musu mai, gugar nan kuma ka mayar da ita cikin jakar sirdi tun yanzu, don ita ce abin da aka fi mantawa.